Warframe a Dougoï: yadda ake yaƙi da ƙira da hawa mataki ba tare da an zuba kuɗi ba

A hutun da ya wuce ɗan yayata, saurayi mai shekara 19 da ke shirin bakaloreya, ya same ni a gidanmu na Dougoï, nan Marwa, ya durƙusa ya ce: "Kawu, ka ranta mini jaka goma sha biyu, zan sayi Rhino." Na ɗauka sunan takalmi ne ko wani sabon babur. Ashe wata rigar yaƙi ce a cikin wasan kwamfuta da shi da abokansa uku suka shiga. Ban ba shi ba. Amma da yake ni ma na taɓa ɓata dare a kan irin waɗannan wasanni lokacin ina jami'a, sai na ce ya nuna mini. Kafin mako ya zagayo Rhino ta shiga hannunsa, ko sefa biyar ba ta fita daga aljihun kowa ba.

Abin da na gani a makonnin da suka biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu. Yaranmu a Marwa da Garwa da Ngaundere, har da 'yan uwansu a Mubi da Njamena, sun saba da Free Fire na kamfanin Garena, wanda ya fito a 2017: mutum 50 su sauka a tsibiri, a kashe juna cikin minti goma, wanda ya rage shi ne gwani. Da wannan tunanin suke shiga Warframe, shi ya sa suke shan kashi, kuma shi ya sa suke ganin sai da kuɗi ake ci gaba. Wasan ba haka aka gina shi ba.

Kamfanin Digital Extremes na garin London da ke jihar Ontario a Kanada ne ya fitar da Warframe a watan Maris na 2013, a kwamfuta. Daga baya ya hau PlayStation 4 a ƙarshen shekarar, Xbox One a 2014, Nintendo Switch a 2018, sannan wayoyin iPhone a Fabrairun 2024. Sauke shi kyauta ne, kuma ana iya juya rubutunsa zuwa Faransanci, abin da ya sauƙaƙa wa yaran nan. Ɗan wasa mayaƙi ne da ake kira Tenno, yana shiga cikin wani jiki na yaƙi, wato Warframe ɗin, kowane da baiwa huɗu tasa. Mutum huɗu ne iyakar tawaga, kuma abokan gabarsu kwamfuta ce ke juya su, ɗaruruwa a fita ɗaya. Ba ɗan uwanka kake farauta ba, tare da shi kake fita.

Wanda ya tsaya ya mutu

Kuskuren farko da na ga yaran suna yi shi ne laɓewa. A Free Fire ka samu bango ka fake, ka jira wani ya leƙo. A nan in ka fake, ta baya za a zagayo maka. Kariyar ɗan wasa tana cikin motsinsa. Akwai wani tsalle da ake yi ta hanyar durƙusawa sannan a danna tsalle, mutum ya harba gaba kamar kibiya; ana haɗa shi da sulɓi a ƙasa da birgima da gudu a jikin bango. Wanda ya iya wannan ya rage rabin wahalarsa, domin harsashin abokan gaba ya fi samun wanda ke tsaye.

Abu na biyu shi ne sanin wa kake yaƙa. Manyan rundunoni uku ne sabon shiga zai fara gamuwa da su. Grineer sojoji ne masu sulke mai kauri. Corpus 'yan kasuwa ne masu mutum-mutumin inji da garkuwar lantarki da ke sake cika kanta in ka sassauta. Infested kuwa halittu ne da cuta ta cinye, ba su damu da bindiga ba, da gudu suke zuwa su rufe ka. A kowace runduna akwai wanda ake fara kayarwa. In ka ga ɗan Corpus da ake kira Nullifier tafe cikin ƙaton kumfa mai shuɗi, to duk baiwarka ba ta aiki a cikin kumfan. Sai a rage shi da bindiga mai saurin harbi ko a kutsa ciki da takobi. In ka ga Ancient Healer a cikin Infested, shi ke kare na kusa da shi, ɓata harsashi ne a harbi sauran yana tsaye. Bombard na Grineer makami mai bin mutum yake harbawa, ba a tsaya masa a fili.

Sai rabon aiki. Abin da ɗan yayata ya gani a Rhino gaskiya ne: tana da fatar ƙarfe da ke shanye duka, kamar ɗan lifidi a hawan Lamido ranar Salla, kuma rurinta yana ƙara wa duk tawaga ƙarfin bugu. Amma Rhino huɗu a tawaga ɗaya asara ce. Frost yana kafa ƙwallon ƙanƙara a kan abin da aka ce a tsare. Trinity tana warkarwa, tana cika wa mutane kuzarin da baiwa ke ci. Nekros yana sa gawarwaki su sake zubar da ganima. Kuma wasan yana tilasta zama kusa: maki da ake samu in an kashe abokin gaba ana raba shi ne ga waɗanda ke cikin mita 50, sannan wanda ya faɗi yana da 'yan daƙiƙu da ɗan uwansa zai tashe shi ba tare da ya yi asarar komai ba. Mai son nuna bajinta, wanda ke ruga gaba shi kaɗai, kansa ya cuta, ya kuma cuci sauran.

Ƙarfin yana cikin katunan

Ga wurin da akasari ake ɓata, kuma shi ya fi cancanta a tsaya a kai. Sabon shiga yana ɗauka cewa in bindigarsa ta daina kashewa, sabuwar bindiga yake buƙata. A Warframe bindiga kwarangwal ce kawai. Abin da ke ba ta ƙarfi wasu katuna ne da ake kira mod, waɗanda abokan gaba ke zubarwa ko ake samu a ladan aiki. Ana jera su a gurabe takwas a jikin makami ko rigar yaƙi. Katin Serration, alal misali, yana ƙara wa doguwar bindiga ƙarfin harbi, kuma in aka kai shi ƙarshen matakinsa ƙarin ya kai kashi 165 cikin ɗari. Vitality yana ƙara rai. Ana ɗaga darajar kati da wani sinadari mai suna Endo haɗe da kuɗin cikin wasa, waɗanda duk a fagen fama ake tara su. Tsohuwar bindigar farko mai katuna masu kyau ta fi sabuwa fil da aka saya da kuɗin gaske aka bar ta tsirara.

Kowane kati yana cin wuri. Makamin da ya kai mataki na 30 yana da ma'auni 30, kuma kati mai ƙarfi shi kaɗai yana iya cinye fiye da goma. Hanya biyu ake faɗaɗa ma'aunin. Akwai Orokin Catalyst na makami da Orokin Reactor na riga, waɗanda ke ninka shi zuwa 60. Akwai kuma Forma, wadda ke sa wa gurbi alama. In alamar kati ta dace da ta gurbi, rabin wuri kawai zai ci. Sai dai Forma tana mayar da makamin matakin sifili, a sake hawa da shi daga farko. Shawarata ga sabon shiga ita ce kada ya zuba waɗannan a kan duk abin da ya ɗauka. A farkon tafiya suna da wuyar samu, a ajiye su sai an gane makamin da hannu ya saba da shi.

Sannan akwai haɗin sinadarai, wanda a matsayina na malami ya fi burge ni. Tushe huɗu ne: zafi, sanyi, lantarki da dafi. In aka jera katuna biyu kusa da juna sai su haifi na uku. Lantarki da dafi suna ba da mai cin sulke, maganin Grineer ke nan. Sanyi da lantarki suna ba da maganaɗisu, mai rusa garkuwar Corpus. Sanyi da dafi suna ba da ƙwayar cuta, wadda ke sa duk bugun da ya biyo baya ya fi cin rai. Zafi da lantarki suna ba da wani tururi da ke ruɗa abokan gaba su juya kan junansu. Dafi shi kaɗai yana ratsa garkuwa ya taɓa rai kai tsaye. Jerin katunan ne ke yanke abin da za a samu, daga hagu zuwa dama, layin sama kafin na ƙasa, saboda haka sauya wa kati ɗaya gurbi yana iya sauya makamin gaba ɗaya. A watan Yunin 2024 kamfanin ya sauƙaƙa lissafin, ya sa kowace runduna tana da raunin da aka san ta da shi: mai cin sulke ga Grineer, maganaɗisu ga Corpus, zafi ga Infested. Yaron da na sha fama da shi a kan lissafin kashi cikin ɗari a aji, na same shi da takarda yana lissafa ko ƙarin kashi 90 na harsashi biyu ya fi ƙarin kashi 60 na dafi. Ban ce masa komai ba, kada ya gane darasi yake yi.

Maƙera da agogonta

A cikin jirgin kowane ɗan wasa akwai maƙera. Kusan duk makami da rigar da ake sayarwa da kuɗin gaske ana iya ƙera su a nan. Ana buƙatar zanen ƙira da kayan haɗi: Ferrite, Rubedo, Polymer Bundle, Neurodes, Orokin Cell da sauransu, kowane da duniyar da ake samunsa. Akwai ma wani, Argon Crystal, da ke lalacewa in an ajiye shi, kamar tumatir a zafin Afrilu. Ba a nemo shi sai ranar da za a yi aiki da shi.

Ga yadda Rhino ta samu. Babban zanenta ana sayensa a kasuwar wasan da kuɗin cikin wasa, wanda kowa ke tarawa. Zanen sassanta uku kuwa, kai da gangar jiki da na'urorin ciki, wani ƙaton inji mai suna Jackal ne ke zubar da su a duniyar Venus, ɗaya a kowane karo, kuma sa'a ce ke zaɓar wanne. Yaran sun kayar da shi sau bakwai a yamma biyu kafin ukun su cika. Daga nan sai jira. A yawancin riguna kowane sashe awa 12 yake ɗauka a maƙera, ana iya ɗora ukun lokaci guda, sannan haɗa su ya ci awa 72. Yawancin makamai awa 12 ne ko 24, Forma kuma awa 23. Agogon yana tafiya ko an kashe na'ura.

A nan kamfanin yake cin abincinsa. Kusa da agogon akwai maɓallin da ke cewa a biya platinum a gama yanzu. Platinum shi ne kuɗin da ake saye da kuɗin gaske. Rhino gamammiya platinum 375 ce a kasuwar wasan, abin da ya tasam ma dalar Amurka 20, wato jaka goma sha biyun da aka zo nema wurina. Abin da kuɗin zai saya masa bai wuce kwana huɗu ko biyar na jira ba. Duk wanda ya taɓa kai fata wurin majeman Marwa ya san ba a tsayawa a kansu ana ƙirga awa. Ka bayar, ka tafi harkarka, ka dawo. Masu wayo a wasan haka suke yi: kafin su kashe na'ura su cika maƙera da aiki, gobe su tarar da wani abu ya nuna.

Adashin mutum huɗu

Mafi darajar kaya su ne waɗanda ake kira Prime, kuma sassansu a cikin wasu ƙunshi suke da ake kira relic, masu daraja huɗu: Lith, Meso, Neo da Axi. Kowane ƙunshi yana da lada shida da zai iya bayarwa, uku na gama-gari, biyu matsakaita, ɗaya mai wuyar samu. Ana shiga aiki na musamman da shi, a tara abu goma da abokan gaba ke zubarwa, sai ya buɗe a ƙarshe. In ba a gyara ƙunshin ba, damar samun mai wuyar nan kashi 2 ce cikin ɗari. In an kai shi ƙarshen gyara ta zama kashi 10.

Abin lura shi ne yadda ake rabon. In mutum huɗu suka shiga, kowa da ƙunshinsa, a ƙarshe ana baje lada huɗun a gaban kowa, kuma kowa yana da ikon zaɓar wanda ya ga dama, ko da daga ƙunshin wani ya fito. Mutum huɗun duk suna iya ɗaukar abu ɗaya, ba a rage wa mai shi komai ba. To in huɗun suka shirya suka zo da ƙunshi iri ɗaya da aka gyara, damar kashi 10 ta haura kashi 34. Adashi ne sak, sai dai a wannan kowa ke kwasa a zagaye ɗaya. Wanda ke wasa shi kaɗai zai yi ninki uku na wahala kafin ya samu abin da tawaga ta samu.

Waɗannan sassan ana sayar wa wasu 'yan wasa su biya da platinum. Nan ne wanda ba shi da katin banki, kamar yawancin yaranmu, yake samun kuɗin da wani ya saya da Yuro a Faransa. Sharuɗɗan su ne a kai mataki na 2 na ƙwarewa, a kunna tsaron asusu mai hawa biyu, a yi cinikin a zauren ƙungiya ko a kasuwar Maroo da ke Mars. Gargaɗi ɗaya: masu tallan platinum mai arha a Facebook ko WhatsApp, su ce a tura musu kuɗi ta waya, a guje su. Sayen platinum a hannun irin waɗannan masu talla ya saɓa dokar kamfanin, kuma rufe asusu ake yi a kansa, da duk abin da aka tara a ciki.

Matakin ƙwarewa da na ambata shi ne ma'aunin ci gaban ɗan wasa gaba ɗaya, kuma shi ke buɗe manyan makamai. Ba yawan kisa ke ɗaga shi ba. Kowane makami da aka kai mataki na 30 yana ba da maki 3,000, kowace riga 6,000, sau ɗaya tak. Wanda ya liƙe wa bindiga ɗaya wata shida yana nan inda yake. Wannan ne ke kai mu ga abu ɗaya da na yarda a kashe wa platinum: gurbin ajiya. Sabon asusu yana zuwa da platinum 50 kyauta da gurabe kaɗan. Gurbin riga 20 ne, na makami biyu 12. Wanda ya kashe hamsin ɗinsa a kan launi ko gaggauta maƙera zai tarar ya ƙera riga ba shi da inda zai rataye ta. Biyu daga cikin abokan ɗan yayata haka ta same su.

Abin da ya shafe mu nan

Wasan ba don mu aka tsara shi ba, kuma akwai wuraren da hakan ke fitowa. Saukewar farko gigabait gommai ce, ga sabuntawa da ke zuwa a kai a kai. Yaran sun yi karo-karo suka sauke shi cikin dare uku a wani ɗakin wasa na unguwa, inda aka saba biyan kuɗin wasan ƙwallo a PlayStation. Wasannin kyauta irin wannan ba sa buƙatar biyan kuɗin wata na PlayStation Plus, kuma tun ƙarshen 2022 mai kwamfuta da mai PlayStation suna iya haɗuwa a tawaga ɗaya.

Matsala mafi girma ita ce yadda ake haɗa tawagar. Na'urar ɗaya daga cikin huɗun ce ke ɗaukar nauyin fitar, sauran su jingina da ita. In wuta ta ɗauke masa ko intanet ɗinsa ya yanke, sai wasan ya nemi wani ya karɓa, kuma ba kullum ake dacewa ba. Na ga yaran sun yi minti 35 a aikin da ake kira Survival, wanda ke ba da lada duk minti biyar, wuta ta ɗauke, suka tashi da hannu biyu. Tun daga ranar suka sauya dabara. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda batirinta ke riƙewa, shi ke ɗaukar nauyi. A lokacin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa suna zaɓar gajerun ayyuka, kamun mutum ɗaya ko share fage, waɗanda ake gamawa cikin minti uku zuwa biyar, dogayen kuma su fita a minti 20 ko da komai na tafiya daidai. A cikin saituna ana iya taƙaita jinkirin haɗi da za a yarda da shi, kada a jefa mutum tawagar wanda ke can Amurka. Mai wasa shi kaɗai kuma yana iya dakatar da wasan in an kira salla, abin da ba ya yiwuwa a tawaga.

Ga iyaye akwai magana biyu. Ta farko, hukumar PEGI ta Turai ta sa wa wasan alamar shekara 18 saboda zubar da jini, ta Amurka kuma 17. Ba na ɗan firamare ba ne, ko da ya ga yayansa na yi. Ta biyu, a kan caca wasan ya fi da yawa daga cikin takwarorinsa tsabta. Masu kamfanin da kansu sun ba da labari, a wani fim na tarihin wasan a 2018, cewa sun taɓa sa wani maɓalli da ake biyan platinum ya sauya launin dabbar ɗan wasa bisa sa'a. Da suka ga mutum ɗaya ya danna shi kusan sau 200, sai suka cire shi. Wanda ya ga yadda yaranmu ke zuba kuɗin waya a juyin sa'a na wasu wasannin zai gane bambancin.

Wannan ba ya nufin ba ya cin komai. Awoyi yake ci, kuma da gangan aka gina shi haka: kullum akwai abin da zai nuna a maƙera gobe, kullum saura sashe ɗaya. Ɗalibin da bai kashe sefa ɗaya ba amma ya ba shi awa huɗu kowane dare a watan Afrilu ya biya da abin da ya fi jaka goma sha biyu. Ni da yayata mun yanke wa namu Asabar da Lahadi bayan la'asar har a gama jarrabawa a watan Yuni. Ya yi gunaguni kwana biyu, sannan ya gano cewa rigar da aka ɗora a maƙera daren Lahadi ta riga ta gamu tun Laraba, tana jiransa. Yanzu Frost yake haɗawa, saura masa sashe ɗaya, kuma abokansa uku sun yi alkawarin raka shi nema ranar Asabar.